Jan Rubutu a Ƙofar Kakana

Tun da na dawo daga Umra ba a bar ni na huta ba. A makarantar da nake koyarwa, a gidan suna, har a wurin niƙa, tambayar ɗaya ce: "Malama Bilki, ya Makka?" Ni kuma sai in ce, "Makka sai wanda ya gani," in miƙa dabino in wuce. Duk wanda ya san ni ya san wannan ba halina ba ne, don ni ko kasuwar Kurmi na leƙa sai na cika wa mutane kunne. Har wata ƙawata ta tare ni ta ce ko dai sata aka yi mini a can nake ɓoyewa. Ko tsinke ba a ɗaukar mini ba. Bari dai in faɗa sau ɗaya, kowa ya ji, a ƙyale ni.

Dole in fara da Inna, don ba don ita ba da labarin nan bai wuce na ɗawafi da sayen tsaraba ba. A Makka aka haifi mahaifiyata. Babanta magini ne, mutumin cikin birnin Kano, ya tafi hajji a ƙasa ta hanyar Sudan, ya ga wuri ya zauna. Ya gina gida da hannunsa a kan tudun Misfala, kudu da Harami, ya fitar da dagi a saman ƙofa irin na gidajenmu na da, ya shafa masa shuɗi. Inna tana 'yar budurwa uwarsu ta rasu, wani kawunsu da ya je aikin hajji ya taho da ita gida wurin kakarta, aka bar ƙanwarta Ramlatu a wurin uban. Tun daga nan Inna ba ta sake komawa ba.

Da labarin ƙofar nan muka girma. Mun san dakalin da ke gefenta, mun san matakalar da ake hawa, mun san gidan burodin da ke ƙasan layin kamar mu muka yi wasa a wurin. In muka ɓata wa Inna rai sai ta juya harshe ta yi mana faɗa da Larabci, mu kuma mu shige ɗaki muna ƙunshe dariya. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ma sai a hankali. Ni da yayyena muka yanke shawara baɗi za mu kai ta, ko a keken guragu ne. Ta ce bayan ɗakin Allah abu ɗaya take so, a zaunar da ita a dakalin babanta ko na shan ruwa ne. Don haka ranar da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki gano mini hanya, Bilki. Ki duba ko keken zai hau."

Ta kuma ɗora mini kaya: daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa, duk na ƙanwarta. A jirgi kam lafiya lau, in ban da tsohuwar da ke kusa da ni, wadda ta damƙe mini hannu tun daga Kano, ba ta sake ni ba sai da muka ga fitilun Jidda. A filin jirgin ne aka fara. Na sha lalle kafin tafiya, yatsuna baƙi ƙirin, na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ce ba ta san zancen ba. Jami'in ya ce in sake, na sake. Ya ba ni wani ruwa na goge, na sake. Layi ya taru a bayana, wata tana cewa, "Haba baiwar Allah, biki kika zo ko ibada?" Da ƙyar ɗan yatsa ɗaya ya cece ni. Ina wucewa kuma aka buɗe jakata, ashe ƙullin daddawar ya fashe. Mai binciken ya leƙa, ya ja da baya yana toshe hanci. Wani mai shara da ke gefe, wanda na ɗauka Balarabe ne baƙi, ya ce da ni da Hausa tsantsa, "Ki ce masa kayan miya ne, Hajiya. Ya san shi sarai, maƙwabtansa na ci." Haka na shiga ƙasa mai tsarki ina warin miyar kuka.

A unguwar Jarwal aka sauke mu, mu huɗu a ɗaki. Ba zan ba ku labarin ganin Ka'aba ba, wannan ba abin da baki ke iyawa ba ne, na dai yi kuka har na gode Allah. Masauki kuwa yaƙi ne a kan na'urar sanyi: Hajiya Talatu, wata 'yar Maraɗi mai jiki, tana ƙara ta, ni ina ragewa, har muka gaji muka zama ƙawaye. Abinci kullum shinkafa da kaza, da safe wake dakakke da faffaɗan burodin da suke kira tamis. Yana da daɗi, amma cikin Bahaushe bai san ya ci abinci ba sai ya ji tuwo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suka juya rana da dare. Mu a gida ana idar da isha ake rufe ƙofa. Su lokacin gari ke wayewa, shaguna a buɗe, yara na guje-guje, da rana kuma unguwa ta yi tsit kamar an yi shara. Ku riƙe wannan, don shi ya taimaka wajen rufe mini ido.

Ina da lambar Fahad, autan Iya Ramlatu, ya kuma ce zai zo ya ɗauke ni bayan isha. Amma ni da rawar kai sai na ce bari in riga shi, in gano gidan da kaina da kwatancen Inna, in yi musu ba-zata. Bayan la'asar na ja Talatu muka nufi Misfala. Gidan burodin da aka ce zan gani, babu shi. Famfon da zan juya a gefensa, babu. Sai dogayen otal-otal, sai wani shinge mai tsawo da aka zana wa tsofaffin gidaje a jiki, da ƙofofi da tagogin katako masu huda-huda. Zanen ya yi kyau har Talatu, da idonta ba ya gani sosai, ta tsaya a gaban wata koriyar ƙofa ta rangaɗa sallama. Da ta kai hannu ta ji kwano ne, ta ce, "Wayyo ni, ashe hoto nake gaisarwa!" Muka yi dariya har da riƙe ciki.

Wani lebura, mutumin Tawa, shi ya nuna mana hanya. "Gida mai dagi? Ku bi bayan shingen ga, ku hau bisa, shina nan hannun dama." Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya ce, "Amma dai Hajiya…" sai ubangidansa ya ƙwala masa kira ya tafi.

Muka hau matakala muna haki. Layin shiru, ba yaro ba babba, sai kyanwoyi. Na ce da Talatu barci suke yi, ai kin san halinsu. A jikin kowane gida an yi wani rubutu da jan fenti, babba, da lamba a ƙasansa. To ni na yi islamiyya, ina haɗa baƙi tsaf, ma'ana ce dai sai a hankali. Na tsaya na karanta: alif, zai, alif, lam, ta. Izala. Gida na gaba, Izala. Na gabansa ma haka.

"Ikon Allah!" na ce. "Talatu, ashe duk unguwar nan 'yan Izala ne! Har a bango suke rubutawa."

Abin ya ba ni dariya ne don maigidana ɗan Izala ne na gaban goshi, Inna kuwa 'yar ɗariƙa ce tun tana goye, shekara da shekaru suna 'yar tsama ta bakina, cikin raha, ba tare da sun taɓa haɗa ido a kai ba.

Sai ga ƙofar. Ban buƙaci a gaya mini ba. Dagin yana nan a sama, shuɗin ya koɗe amma bai gudu ba, dakalin ya yi sulɓi don zama. An sa kwaɗo a ƙofar, jan rubutun kuma yana gefenta daidai kafaɗata. Na miƙa wa Talatu waya, na tsaya a ƙarƙashin dagin na washe baki, har ina nuna rubutun da yatsa. Daga nan na kira gida.

"Inna, ga ni a ƙofar Baba! Wallahi tana nan, da dagin da komai. Amma fa surukinki ya riga ni zuwa. Duk gidajen layinku an rubuta Izala a jiki."



"Da wane launi aka rubuta?" in ji ta.

"Ja."

"Har namu?"

"Har naku, Inna. An yi muku juyin mulki."

Sai ta yi dariya, ta ce, "To ki gaishe su." Na ce mata keke zai hau in an sami ƙarfafan samari biyu. Ta ce madalla. Har zan kashe ta ce, "Bilki, ɗan zauna mini a dakalin." Na zauna. Ta ce da zafi ko? Na ce da ɗumin rana dai. Ta ce haka yake, sai bayan magariba yake hucewa. Muka yi sallama, ni kuwa zuciyata fari ƙal, na cika aike.

Bayan isha Fahad ya zo. Dogo ne, hancin Inna sak, tufafinsa duk ɗigon fenti. Hausarsa ta gutsure-gutsure ce, rabi Larabci, yana kira na Abla, wato yaya. Ya ce kafin ya kai ni wurin mahaifiyarsa sai na ga aikinsa. Ashe sana'arsa ke nan, zane a bango.

Ya kai ni wani layi da aka gyara, an shimfiɗa masa dutse, an rataya ƙananan fitilu daga wannan gini zuwa wancan. Gidajen shan gahawa a jere, samari da 'yan mata kowa da kofin takarda a hannu, iyalai da jarirai, ƙamshin turare da na gasasshen nama. Na ga wani yana gasa nama da ƙuli a tsinke, Fahad ya ce sunansa siriya, abincin Makka ne na asali. Na ce, "Kai tafi can, tsire ne, kakanninka suka kawo shi." Bangwaye kuwa ba wanda aka bari fari: nan rubutun Larabci mai lanƙwasa, can ayarin raƙuma, can tagogin katako. A wani gidan gahawar da muka zauna, teburin da aka ajiye mana kofi tsohuwar ƙofar gida ce aka kwantar aka ɗora mata gilashi, har zoben ƙwanƙwasawa yana jiki. Na ce lallai mutanen nan suna son kayan da. Fahad ya shanye gahawarsa ya ce mu tashi.

A ƙarshen layin ya tsayar da ni. Bango ne guda, tun daga ƙasa har sama, an zana dagi da shuɗi da ruwan zinariya, mutane na layi suna ɗaukar hoto a gabansa.

"Wannan wardat jaddi," in ji shi. "Furen kakana. Daga ƙofar gidanmu na ɗauko."

"Ba fure ba ne, dagi ne sunansa. A garinmu har a jikin riga ake yin sa."

"Dagi," ya maimaita, yana juya kalmar a baki kamar sabon abinci. Ya kai shekara talatin yana shiga yana fita a ƙarƙashinsa, bai san sunansa ba.

Nan ne na ciro waya don in burge shi. "Ai na riga ka, ɗazu na je. Kalli nan. Ashe ku 'yan Izala ne ba ku faɗa ba?"

Ya kalli hoton, ya kalle ni. Ya ga da gaske dariya nake.

"Abla, kin san me ake nufi da izala?"

Shekara nawa kalmar nan tana bakina, ina tsokanar miji da ita, ban taɓa tambayar kaina ma'anarta ba.

"Ya'ani a cire," ya ce. "A kawar. Gidan da aka rubuta wa, za a rushe shi. Halas, shi ke nan. An yanke wuta da ruwa, kowa ya tashi. Mu ma mun tashi tun kafin azumi."

Ga kiɗa a hankali daga gidan gahawa, ga mutane na dariya a gaban dagin kakana, ni kuwa na zauna a bakin hanya. Hoton yana hannuna, ga ni nan na washe haƙora ina nuna hukuncin gidan da yatsa. Kunya da baƙin ciki suka haɗar mini. Da na sami bakin magana a kan Fahad na huce, don shi ke kusa. Na tambaye shi ko shi ya zana ƙofofin da ke jikin shingen nan na Misfala. Ya ce shi ne, masu ginin suka ba shi aikin.

"Wato su rushe, kai kuma ka zana musu hoton abin da suka rushe? Teburin da muka sha gahawa a kai ma ƙofar wani ce ko?"

"Ta maƙwabcinmu ce," ya ce a hankali. "Abla, in ban zana ba wani zai zana, wanda bai taɓa shiga gidajen ba. Ni kowace ƙofa na san mai ita. Koriyar nan ta wata tsohuwa ce mai sayar da waina, ita ta yi mini wankan jego, ya'ani wankan jariri." Sai na tuna sallamar Talatu, na ji dariyar da muka yi ta dawo mini da ɗaci.

Ya ce layin ya tsufa, in wuta ta tashi mota ba ta iya hawa, mahajjata kuma kullum ƙaruwa suke, dole a sama musu wurin kwana. Na ce na ji. Ni ma ai a ɗaya daga cikin dogayen gidajen nake kwana, ban taɓa tambayar dakalin wa aka ɗaga aka kafa gadona ba.

Iya Ramlatu tana can bayan gari, tafiya mai nisa a mota, a wani bene mai tsabta. Da ta buɗe ƙofa na ga Inna ce sak, an rage mata shekaru. Ta kwance ƙullin daddawa ta kai hanci, sai hawaye. Ta ce gidan ba laifi, ga ruwa ga sanyi, amma nan ba a sallama, ƙararrawa ake dannawa, kuma har yau ba ta san sunan matar da ke ƙofar da ke kallon tata ba. Mutanen layinsu kowa ya kama gabansa, wasu Utaibiyya, wasu Jidda, waɗanda takardunsu ba su cika ba an mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Ta kama hannuna kamar yadda Inna ta kama ta ce, "Don Allah kada ki gaya wa Yaya. Duk wayar da muke yi ce mata nake ina gida. Ki bar ta da ƙofarta."

Ranar da za mu taso Fahad ya zo masauki da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ɓallin dagin ne, kusurwa ɗaya, bai fi tafin hannu ba, da shuɗinsa. Ya ce motocin rusau sun iso layin ƙasa. Na cusa shi can ƙarƙashin akwati, ƙasan dardumai.

Na dawo na raba zamzam da carbi da dabino. Yayyena suna ta zancen fasfon Inna da irin keken da za a saya, ni ina cewa to. In na je gaishe ta sai in cika ɗakin da labarin lalle da daddawa, in tashi kafin ta tambayi wani abu. Ɓallin nan kuwa yana cikin akwati. In na ba ta, na faɗa. In na riƙe, na hana ta abin da ya rage na gidan ubanta. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Wata Juma'a da hantsi ina shafa mata man zafi a gwiwa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Bilki, duk surutun nan naki, ba ki ɗebo mini ko ɓarɓashin bangon ba kafin su kai shi ƙasa?"

Hannuna ya tsaya.

"Inna… wa ya gaya miki?"

"Ke mana. Kin manta da wane harshe nake yi muku faɗa? Ni da aka yanke wa cibi a Misfala, ni za a koya wa izala?"

"Amma kika yi dariya."

"To me zan yi? Kina ƙasa mai tsarki, murna ta cika ki, in sa ki kuka a bakin ƙofar mutane? Ramlatu ma na bar ta ne da ƙaryarta, ita ma ta sami abin riƙewa."

Na kifa kai a cinyarta na yi kukan da ban yi a Makka ba. Da na natsu na koma gida na ɗauko ɓallin. Ta shafa shi da yatsu, ta bi lanƙwasar, ta ce kusurwar hannun hagu ce, inda tsani ya taɓa gogewa. Ta daɗe tana riƙe da shi. Na tambaye ta ko a fasa zancen baɗi. Ta ce a'a, za ta je, ɗakin Allah dai ba mai shafa masa jan fenti, dakali kuwa ai na zauna mata.

Na ce zan goge hoton nan, kunya yake ba ni.

"Kul," in ji ta. "Ki kai a wanke mini shi babba, yadda idona zai gani. Wanda kike washe baki. Da kuka na fita ta ƙofar nan, gara a ce jinina na ƙarshe da ya tsaya a gabanta dariya yake yi."

Yana nan rataye a ɗakinta, saitin gado, da jan rubutun da komai.